Saita taimin wuta a injin turbo: tambayoyi da amsoshi

Motocin fetur masu turbo sun fara yawa a hannun jama'a: Honda Accord ta 2018 mai inji 1.5, Mercedes C300, Lexus NX 200t, Peugeot 3008, Golf GTI da Ford masu EcoBoost. Ga kuma samari masu ɗaura turbo a kan injin da ba da shi aka ƙera shi ba. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu motoci da makanikai suka fi maimaitawa. Duk maganar a kan injin fetur take. Injin dizal ba ya amfani da tartsatsin filogi, nasa lissafin na lokacin fesa mai ne, wannan kuwa wani karatu ne daban.

Mene ne taimin wuta, kuma me ya sa ake ƙirga shi da digiri?

Shi ne lokacin da filogi ke kyasta wuta idan aka auna shi da inda fistin yake. Ƙurewar hawan fistin a cikin silinda ita ake kira TDC. In aka ce taimin digiri 15 ne, ana nufin filogi ya kyasta saura digiri 15 na juyin karanshaf fistin ya kai TDC.

Abin da ya sa ake kyastawa tun fistin bai iso ba, haɗin mai da iska ba ya tashi gaba ɗaya. Ci yake yi: wutar ta taso daga bakin filogi ta bazu har bangon silinda, kuma hakan na ɗaukar kashi biyu ko uku cikin dubu na sakan. Kar ka raina wannan ɗan lokacin. A juyi 3,000 a minti, karanshaf na cin digiri 18 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan, a juyi 6,000 kuwa digiri 36. Abin da ake nema shi ne matsi mafi ƙarfi ya sauka a kan fistin bayan ya fara gangarowa, wajen digiri 12 zuwa 18 bayan TDC. In wuta ta yi sammako, matsin ya tare fistin yana hawa, inji ya riƙa kokawa da kansa. In ta makara, fistin ya riga ya yi gaba, ƙarfin ya bi salansa ya zama zafi.

Makanikena ya ce taimin ya tsallake, ya canza sarƙa. Shi ne wannan?

A'a. Wancan taimin bawul ne, wato daidaita karanshaf da kamshaf ta hanyar bel ko sarƙa. Amma sai ya zauna daidai kafin a taɓa na wuta. In na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0016, a gyara wannan tukuna.

Me ya sa injin turbo ke son a ja wuta baya?

Dalili biyu ne. Na farko, turbo na cusa iska fiye da yadda inji zai zuƙa da kansa. A matsin ba ɗaya (bar, ma'aunin matsin iska), wato kimanin psi 14.5, abin da ke cikin silinda ya kusa ninka na injin da ba shi da turbo. Haɗin da ya cunkushe haka ya fi saurin ci, saboda haka ba ya bukatar a kunna shi da wuri.

Na biyu shi ne zafi, kuma shi ne mai kashe inji. Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi. Ranar da gari ke digiri 40, iskar da ta fito daga turbo a matsin ba ɗaya tana iya kaiwa 130 zuwa 140 kafin ta shiga intakula, na'urar da ke sanyaya ta. Fistin kuma ya zo ya sake matse ta. Da zafi da matsi suka haɗu, fetur na kusantar inda zai kama da kansa ba tare da jiran wutar filogi ba. Jan wuta baya, wato rage digirin taimin, na sauke ƙololuwar matsin, ya nisanta inji daga wannan bakin rami. Shi ya sa ma masu ƙera injin turbo na da suke rage matsewar fistin, wato sau nawa fistin ke matse haɗin: 2JZ-GTE na Toyota Supra 8.5 ne, alhali ɗan'uwansa marar turbo yana 10.

Mece ce ƙwanƙwasa, kuma yaya zan gane ta?

Da farko, ba ita ce abin da ake cewa a gareji "inji ya yi nokin" ba. Wancan ƙarshen labari ne, mital ya cinye ko inji ya cije. Ƙwanƙwasa tana daga cikin hanyoyin da ke kai inji can.

Ga yadda take faruwa. Filogi ya kyasta, wuta ta fara bazuwa, tana matse ragowar haɗin da ba ta iso gare shi ba a can gefen silinda. In ragowar nan ya yi zafi fiye da yadda man zai jure, sai ya fashe lokaci guda. Fashewar ta aika girgiza tana kai da kawowa tsakanin bangon silinda, wajen sau dubu shida zuwa bakwai a sakan a injin mota matsakaici. Ita ce ƙarar da kake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, galibi in ka taka totur a babbar giya ko kana hawan tudu da kaya.

Girgizar na share siririyar iskar da ke kare fuskar fistin daga zafi, tana kuma dukan ƙarfe. Abin da ke biyo baya sananne ne: ɓangaren fistin da ke tsakanin ringi da ringi ya tsage, gaskit ya ƙone, mital na kan konrod ya daku. A injin da ba turbo, ƙwanƙwasa kaɗan na iya ɗaukar shekaru ba ta yi ɓarna ba. A ƙarƙashin matsi mai yawa, 'yan sakanni sun isa.

Matsalar ita ce a juyi mai yawa kunne ba ya jin ta, ƙarar inji da ta salansa sun rufe ta. Amma filogi ba ya ɓoye shaida. Kwance shi ka kai shi hasken rana, ka dubi farin tangaran ɗin da ke kewaye da tsinken tsakiya. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙanana, an yi ƙwanƙwasa. In ɗigon na ƙyalli fari-fari, alminiyon ne daga fistin, a ajiye motar. In tangaran ya tsage ko ya ɓantare, abin ya yi nisa.

Akwai kuma wadda ta fi ta muni, wato haɗin ya kama tun kafin filogi ya kyasta, saboda wani abu ya yi ja a cikin silinda, kamar bakin filogi ko dattin gawayi. Wannan sau da yawa ba ta ko yin ƙara, sai dai a buɗe a tarar da huda a tsakiyar fistin.

Oga, ka taƙaita mana: digiri nawa zan sa a matsin ba ɗaya?

Duk wanda ya ba ka lamba bai ga injinka ba, bai san man da kake sha ba, caca yake yi da kuɗinka. Lambar ta dogara da matsewar fistin, fasalin ɗakin ƙonewa, faɗin silinda, zafin iska, yawan mai da ingancinsa.

Abin da za a iya faɗa shi ne fasalin jadawalin da kwamfutar mota ke bi wajen zaɓar digiri. Inji na tsaye yana aiki, yawanci wajen digiri 10 zuwa 15. Tafiya mai sauƙi a kan titi da totur kaɗan, 30 zuwa 40. Da matsi ya fara shiga, lamba ta riƙa sauka, kuma mafi ƙanƙantarta tana inda inji ke ba da ƙololuwar ƙarfin juyi, don a nan silinda ta fi cika. In aka wuce nan juyi ya ƙaru, ana iya mayar da digiri kaɗan-kaɗan. Tsofaffin injuna masu ƙarancin matsewa kan zauna a goma sha wani abu a matsin ba ɗaya. Ƙananan injunan zamani masu fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa sukan sauka kusa da sifili, har su wuce TDC, in aka taka su a juyi kaɗan. Wanda ya ga haka a na'urarsa kada ya ɗauka mota ta lalace.

Tsohuwar ƙa'idar nan ta cire digiri ɗaya a kan kowane psi, wurin farawa ce kawai ga wanda ya ɗaura turbo, ba saiti ba ce.

Murfin tankina ya ce 91, an kuma ce fetur ɗinmu 91 ne. Ke nan ba matsala?

Nan ne mafi yawan masu motocin da aka shigo da su daga Amurka ke faɗawa. Ma'aunin okten iri biyu ne. Turai da Afirka da mafi yawan duniya suna amfani da RON. Amurka da Kanada kuwa suna rubuta matsakaicin RON da MON, wanda ke fitowa ƙasa da maki huɗu zuwa biyar. Saboda haka 87 na Amurka ya yi daidai da kimanin 91 na RON, 91 nasu kimanin 95 ne, 93 nasu kuma kimanin 98.

Fetur ɗin da ke famfo a mafi yawan gidajen mai na Najeriya iri ɗaya ne, yana kewayen 90 zuwa 91 na RON. Wato shi ne mafi arahar man Amurka, ba wanda murfin tankinka ke nema ba. Okten ba ƙarfin mai ba ne, juriyarsa ce ga kamawa da kansa, kuma ita ce ke yanke iyakar digirin da inji zai ɗauka.

Mazda ta fito fili da wannan lissafi a CX-9 ta 2016 mai inji 2.5 turbo: ƙarfin doki 250 da man 93 na Amurka, 227 da man 87. Inji ɗaya ne, kwamfutar motar ce ke rage masa buri don ya zauna lafiya da man da ya samu. Ba kowace mota aka ba wannan faɗin sassauci ba. Wadda aka rubuta mata cewa babban mai dole ne, tana iya kai ƙarshen jan wutar da aka yarje mata, ƙwanƙwasa ba ta tsaya ba.

Sannan ko 91 ɗin ba kullum ake samun sa cikakke ba. Man jarka na 'yan bumburutu, wanda ya sha rana ko aka surka da kananzir, oktensa na faɗuwa. Saboda haka ra'ayina a nan ba ya canzawa: a saita mota da man da take sha kullum, a tanki mafi muni da mai ita zai iya cin karo da shi a hanya, ba da man da aka zaɓo na musamman ranar gwaji ba.

Motata tana da sensar ƙwanƙwasa. Ai ita za ta kare injin ko?

Tana taimakawa ƙwarai. Wata 'yar na'ura ce da aka ɗaure a jikin bulok, tana mayar da girgiza ta zama lantarki. Da kwamfutar mota ta ji alamar, sai ta ja wuta baya nan take, a motocin zamani ma silindar da ta yi ƙarar kaɗai, sannan ta riƙa mayarwa a hankali. Dabarar ta daɗe. A 1982 Saab ta sa tsarin APC a 900 Turbo, wanda ke rage matsin turbo da ya ji ƙwanƙwasa, kuma shi ya ba su damar ɗaga matsewa daga 7.2 zuwa 8.5.

Amma ka lura, sai an ƙwanƙwasa take ji. Motar da ke jan digiri biyar ko shida duk lokacin da aka taka ta, kullum tana shan duka kafin a cece ta. A juyi mai yawa kuma hayaniyar bawul da sarƙa kan rikita ta. Ɗaurinta ma na da ƙa'ida: irin ta Bosch wajen Nm 20 ake ja mata, in an sassauta ko an ƙure ta, jin ta ya canza. Kuma in ta mutu, P0325 ya fito, mota ta koma saitin tsoro ta yi nauyi, maganin shi ne sabuwa. Masu ɗaure ta a wani wuri nesa da bulok don fitila ta mutu sun toshe wa inji kunne ne kawai.

Da asuba motar tashi take, da azahar sai ta yi sanyi. Taimin ne ya goce?

Bai goce ba, kwamfuta ce ke jan sa da gangan. Akwai jadawalin da ke rage digiri gwargwadon zafin iskar da ke shiga da zafin ruwan inji. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda rana ke haura 40, ga cunkoso ga na'urar sanyaya ɗaki tana watsa wa intakula zafi, dole ƙarfi ya ragu.

Abin dubawa: ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran intakula da lagireto, matatar iska, da fanka. A bar zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, yana barin datti a cikin kan silinda, wurin ya riƙa tara zafi. Cire tamostat da aka mayar al'ada shi ma ba gyara ba ne, yana ruɗa lissafin kwamfutar ne kawai.

Na sa kwamfuta ta daban, irin Haltech ko Speeduino. Daga ina zan fara?

Ba daga jadawalin wuta ba. Fara da lafiyar inji: a auna matsewar kowace silinda, a tabbatar famfon mai da nozul suna kai abin da ake bukata, ba inda iska ke zurarewa, ƙofar rage matsi ta turbo tana buɗewa.

Sai mataki mafi muhimmanci, wanda masu gaggawa ke tsallakewa: tabbatar da cewa digirin da ke kan allo shi ne ke faruwa a inji. Kwamfuta ba ta ganin fistin, haƙoran faifan karanshaf take ƙirgawa, irin 60-2 na Bosch ko 36-1 na Ford, kuma kai ne za ka gaya mata inda TDC yake. Ka nemo TDC na gaskiya a silinda ta ɗaya, don alamar da ke jikin fule kan yi ƙarya in robar da ke tsakiyarsa ta saki. Ka shafa wa alamar farin fenti. Ka kulle taimin a digiri 10 a cikin manhaja, ka haska da fitilar taimin. In fitilar mai maɓallin juyawa ce ka bar shi a sifili, musamman a injin da koyil ɗaya ke ba filogi biyu wuta. Ka gyara lambar a manhaja har alama ta tsaya cak a kan 10. Sannan ka ɗaga juyi zuwa 3,000 ko 4,000. Alamar ta tsaya inda take. In tana tafiya, an juya wayoyin sensa ko saitin karanta haƙori bai daidaita ba. Kuskuren digiri biyar a nan yana bin kowane gida na jadawalin.

Bayan haka mai ke gaba da wuta. Da sensar iska mai faɗin awo a salansa, a daidaita haɗin: lamda 1, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a tafiya mai sauƙi, sannan wajen 0.78 zuwa 0.82 a ƙarƙashin matsi, wato 11.5 zuwa 12. A yi wannan da taimin mai tsoro da matsi mafi ƙanƙanta. Sai an gama a waiwayi digiri, matsi kuma a ƙara shi daga ƙarshe, kaɗan-kaɗan.

Yaya ake sanin an kai inda ya dace?

A kan daino, na'urar da ke riƙe mota a juyi ɗaya tana auna ƙarfinta. A tsaya a gida ɗaya na jadawali, a ƙara digiri ɗaya, a dubi ƙarfi. Da farko kowane digiri na kawo riba mai kauri, sai ribar ta riƙa sirancewa, har a kai inda ƙari ba ya kawo komai. Mafi ƙarancin digirin da ya ba da cikakken ƙarfi shi ake kira MBT. Wuce shi asara ce zalla.

Ba matsi, ana kai MBT cikin sauƙi. Da matsi da man famfo, kusan kullum ƙwanƙwasa ke riga shi zuwa. Nan ne iyaka. A koma baya da digiri biyu ko uku daga inda aka fara jin ta, a tsaya. Digirin ƙarshen nan abin da suke ƙarawa kaɗan ne, mai tuƙi ba zai ma ji shi ba, amma su ne ratar da za ta ceci inji ranar da aka sha mummunan mai.

Kuma a saurara da kunne, kada a dogara da allo kawai. Masu saiti na haɗa abin saurare da hannu: guntun bututun tagulla a daddale bakinsa ɗaya, a huda, a ɗaure da noti a jikin bulok kusa da saman silinda, a zura tiyo daga ɗaya bakin zuwa abin toshe kunne. Ta cikinsa ana jin inji na wani shuu mai tsari, ƙwanƙwasa kuma ta fito a kai tsaf, ƙas-ƙas, ba ta bin kiɗan sauran.

In babu daino sai titi, a tafi mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da kwamfuta, a hanyar da ba jama'a, a ja a giya ta uku, a tsaya a karanta abin da aka naɗa. Titi na nuna ƙwanƙwasa amma ba ya nuna MBT, don haka a ƙara yin rowa da digiri.

To in ja wutar baya sosai in huta mana?

Ba hutu a nan ma. Wutar da ta makara tana fita ta bawul ɗin hayaƙi tana ci. Zafin hayaƙi ya haura, manifol ya yi ja, bawul ya ƙone, gidan turbo ya tsattsage, ruwa ya riƙa tafasa, mai kuma ya tafi a banza. Yawancin turbo na fetur ba sa son hayaƙi ya daɗe sama da wajen digiri 950. In ka ga sai ka ja wuta ƙasa ƙwarai kafin ƙara ta tsaya, injin na gaya maka matsin ya fi ƙarfin man. Rage matsi. Matsi kaɗan da taimin mai kyau ya fi matsi mai yawa da wutar da aka danne, a ƙarfi da kuma a sanyi.

In ƙara mai fa?

Ƙarin mai na sanyaya silinda, yana ɗan sayo rata. Amma da an gangara ƙasa da wajen lamda 0.75 ribar ta ƙare: baƙin hayaƙi, filogi ya yi dauɗa, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai.

An ce baƙin mai ma na jawo fashewar fistin. Gaskiya ne?

Gaskiya ne a ƙananan injunan turbo masu fesa mai kai tsaye. Ana kiran abin LSPI: a juyi kaɗan da totur mai yawa, ɗigon baƙin mai ko ɓarɓashin datti ya kunna haɗin kafin filogi, sai fashewa mai tsanani ta biyo. Jan wuta baya ba ya hana ta, tunda ba filogi ya kunna ba. Bincike ya danganta ta da yawan sinadarin kalsiyam a cikin man, shi ya sa aka fito da ma'aunin API SN Plus a 2018 da SP a 2020. Duba bayan galan ka nemi ɗayansu, ka kuma kiyayi na awo da na jabu. In motarka mai giyar hannu ce, kada ka nitsa totur a giya ta biyar ko ta shida inji na juyi 1,500. Sauko da giya.

Wane filogi ya dace?

Wanda kamfani ya rubuta, in ba a taɓa motar ba. In an ƙara matsi, a kan sauka mataki ɗaya zuwa mai sanyi, wato filogin da ya fi saurin fitar da zafi, a kuma matse bakin zuwa wajen milimita 0.6 ko 0.7, don matsi na wahalar da tartsatsi wajen tsallakawa. A kula, a NGK babbar lamba ce mai sanyi, a Bosch kuwa akasin haka. Motar da ke shaƙewa tana tari daidai lokacin da turbo ya cika, a fara zargin filogi da koyil kafin taimin.

Wani ya ce zai loda min fayil daga intanet, ƙarfi ya ƙaru da doki 50. In yarda?

Tambaye shi abu uku: da wane mai aka rubuta fayil ɗin, zai naɗi bayanan motarka kafin da bayan lodawa, kuma ya ajiye na asali? Mafi yawan waɗannan fayiloli an yi su ne don 95 ko 98 na RON a yanayin Turai. A kan 91 da zafin bazara, kwamfuta za ta riƙa janye abin da fayil ya ƙara, ka tashi da ƙarfin da bai kai alkawari ba da fistin da ke shan wuya. Wasu ma rage jin sensar ƙwanƙwasa suke yi don lambobi su yi kyau a allo. Araha ba ta ado.

Ga mai motar zamani da ba a canza mata komai ba, shawarata ya bar taimin yadda kamfani ya sa. Ya sayi 'yar na'urar bincike ta OBD2 ya riƙa kallon digiri da zafin iska. In lamba na faɗuwa kwatsam duk lokacin da ya taka, ya canza gidan mai ya sake dubawa.

Na mayar da motata gas na CNG. Taimin zai canza?

Zai so ya canza. Gas ɗin na da okten mai yawa, wajen 120 ko sama, ga shi yana ci a hankali, saboda haka yana son wuta ta zo da wuri. Shi ya sa ake sa wata 'yar na'ura mai gaggauta taimin in an koma gas. Haɗarin yana wajen komawa fetur: in na'urar ba ta janye hannunta ba, digirin gas a kan man 91 da matsin turbo ƙwanƙwasa ce kai tsaye. A gwada sauyawar a gaban mai haɗawa, ana kallon digiri a na'ura. Gas kuma ba ya sanyaya bawul yadda fetur ke yi, sai a sa ido a kan zafi. Injin da ke fesa mai kai tsaye na bukatar kayan haɗi na musamman, ba irin na kowace mota ba.

Maganin ƙara okten na kwalba fa, da fesa ruwa da methanol?

Na kwalba a karanta da kyau: in ya ce yana ƙara maki uku, sau da yawa 0.3 ake nufi, ba 3 ba. Masu aiki sosai galibi suna ɗauke da sinadarin MMT, wanda ke barin jan datti a filogi da sensar salansa. Na fita kunya ne ranar da aka sha mummunan mai, ba abin gina saiti a kai ba.

Fesa ruwa da methanol yana aiki da gaske, yana sanyaya iska ya ba da damar ƙarin digiri. Rauninsa ɗan Adam ne. Oldsmobile Jetfire ta 1962, ɗaya daga cikin motocin turbo na farko a kasuwa, ta zo da matsewa 10.25 da tankin irin wannan ruwa. Masu ita suka riƙa mantawa da cika shi, motar ta riƙa yanke matsi, kuma ba ta wuce 1963 ba. Wanda zai sa shi yau, dole ya haɗa da sensar da za ta mayar da taimin da matsi ƙasa da kanta in ruwan ya ƙare ko famfo ya tsaya.

Yaya ake sa salansa ta riƙa harbi in an saki totur?

Ana barin mai ya ci gaba da zuba, a ja wuta har bayan TDC, sai haɗin ya ƙarasa ci a cikin manifol da salansa. Ba ya ƙara ko doki ɗaya. Yana narkar da matatar hayaƙi, yana gasa fikafikan turbo da bawul, maƙwabta kuma su san lokacin dawowarka. In an nace sai an yi, a taƙaita shi ga juyi sama da 3,500, na sakan ɗaya ko biyu, a kuma sa shi a maɓallin da za a iya kashewa.